Haƙorin Makkan Hajiya Tasalla

Duk wanda ya leƙo shagona a Gazawa ya tarar da ni ina jera haƙora a kan jan kaki, sai ya ɗauka wasan yara nake yi. Ku ma da kuke zuwa koyo yanzu haka kuka ɗauka, ba sai kun faɗa ba. Ɗayanku har ce mini ya yi ya ga yadda ake yi a waya, wai kafin damina ta faɗi ya gama ƙwarewa. Na ce masa madalla, Allah ya ba da sa'a. Jera haƙora su yi kyau a ido, ko mai ɗinkin hula zai iya. Abin da ya ci mini shekaru shi ne cizo, wato yadda na sama za su sauka a kan na ƙasa, da yadda za su gogi juna in muƙamuƙi ya karkata dama ko hagu. Wannan ba ya fitowa a hoto. Mai bakin ne kaɗai ke jin sa, kuma shi ma yawanci bai san abin da ke damunsa ba, sai dai ya ce haƙoran ba su da kirki.

Jerin farko da na yi da hannuna a Maraɗi na yi shi, a shagon ubangidana Malam Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Kafin ya bar ni in taɓa haƙori sai da ya gajiyar da ni da kwaɓa filasta, farin garin da muke zuba siffar baki da shi, da wanke cokulan awo, waɗanda ake cikawa da garin awo a danna a baki a ɗauko siffar dasashi. Wani lokaci kuma sai ya kora ni tasha, ya ce in zauna kusa da mai tsire in kalli bakin mutane. Na ɗauka wulaƙanci ne. In na dawo ya ce, “Mi ka gani?” in ce na ga suna ci, sai ya ce in koma. Ranar da na ce masa, “Malam, ba buɗe-rufe suke yi ba, niƙa suke yi kamar raƙumi,” ranar ya miƙo mini kwalin haƙora. Na zauna na jera na sama da na ƙasa, fari tas, har ina jin kaina. Ya ɗora su a muƙamuƙin ƙarfe, wannan da kuke gani a teburina yana buɗewa yana rufewa kamar bakin mutum. Ya rufe, komai ya zauna daidai. Sai ya ɗan tura shi gefe. Haƙori ɗaya ya hau ɗan'uwansa a dama, hagu kuwa ta wangale har kana iya zura tsinke. Ya dube ni ya ce, “Idi, ka aza tukunya bisa dutse guda. Wa ka taɓa gani ya dahwa tuwo haka?”

Duk sana'ar nan tana cikin wannan maganar. Haƙorin da Allah ya halitta yana da saiwa, ko shi kaɗai ya haɗu da ƙashi zai tsaya. Na roba kuwa, in baki duka ne, ba abin da ya riƙe su sai zama a kan dasashi. Ka danna gefe ɗaya, ɗayan ya tashi. Shi ya sa muke jera su yadda duk inda muƙamuƙi ya nufa, dama da hagu suna taɓa juna tare. Sannan ba kowane baki ake ba haƙori iri ɗaya ba. Na taɓa yi wa wani Bafulatani makiyayi daga wajen Gidan Sori, dasashinsa tudu ne mai kyau, na sa masa haƙoran tauna masu tsini, yana yagar kilishi da su abinsa. Ka kai irin waɗannan bakin tsohon da dasashinsa ya lafe, tsinin zai riƙa sarƙewa yana jan robar gaba ɗaya, sai gyambo. Ka ba shi masu lebur sumul kuma, za su zauna lafiya amma ba sa yanka, sai ya yi ta juya loma har ta gundure shi. Ni tsaka-tsaki na fi yi wa tsofaffi: na sama in bar masa tsini ɗaya, na ƙasa in yi masa ɗan kwarmi mai faɗi, taɓarya da turmi ke nan.

Kuma ku sani abincinmu ba ya raga wa roba. Geron da aka sussuka a ƙasa ba ya rasa yashi komai wankinsa, ga goro, ga ƙuli-ƙuli. Dole haƙora su cinye, wannan ba laifin kowa ba ne. Inda suka cinye shi ne labarin. Aikin da aka daidaita cizonsa, ko'ina yake cinyewa tare, mai shi ya yi shekaru bai dawo ba. Wanda ba a daidaita ba, wuri ɗaya ke ɗaukar wahalar, kuma da ya fara zaizayewa sai komai ya karkace ya bi shi. Na fi gane wannan a shekarar da fari ya ƙone gero tun yana ciki. Wanda ba shi da abin tauna ba ya neman haƙori, don haka shekarar nan ban yi sabon baki ko ɗaya ba. Tsofaffin robobi kawai ake kawo mini in liƙa, wani ya ba ni ɗan wake, wani ya ce Allah ya saka. Na wuni ina juya aikin wasu da nawa a hannu, har ya zamana in ka miƙo mini haƙoran mutum zan gaya maka gefen da yake ajiye goronsa.

Wannan karatun ne ya yi mini rana a kan Hajiya Tasalla. Tsohuwa ce mai man gujiya da ƙuli-ƙuli a Cadawa, duk wanda ke cin kasuwar garin ya san rumfarta, ya kuma san bakinta, don ba ta barin ta kwana. Ragowar haƙoranta sun lalace, aka cire mata su a gidan likita a garin Agye, da dasashin ya warke ɗanta Laminu, ɗan kabu-kabu mai haya da babur, ya kawo ta wurina. Dasashinta na ƙasa ya lafe sosai, sai na yi mata taɓarya da turmi. Ta zo gyara sau kaɗan, ta tafi. Ba a jima ba ta aiko mini da kwalbar mai, da saƙon cewa yanzu har ƙanzo tana ci. Na ce alhamdu lillahi, na manta da ita.

Bayan kaka ta zagayo, ina tsakiyar dafa robar wani aiki don ta yi tauri, sai ga Laminu ya faɗo shago ko sallamar kirki babu. Ya kwance leda ya ajiye robar ƙasa a teburina.

“Malam Idi, haƙoranka za su kashe mani tsohuwa.”

“Subhanallahi. Zauna tukuna. Mi ya hwaru?”

“Ba ta cin komi sai kunu. Bakin duk gyambo. Ta bar zuwa kasuwa, ta rame kamar ba ita ba. Mutanen Cadawa cewa suke ka sa mata roba ta banza.”

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba, don ni sunana ne jarina. Amma na ɗauki robar na fita da ita haske. Haƙoran tauna na hagu sun cinye sun zama sumul, kwarmin da na yi musu babu alamarsa. Na dama kuwa kamar jiya na sa su. Wuri ɗaya ne kawai a daman aka taɓa: fiƙar ƙasa, wannan haƙori mai tsini na kusurwa, an yi mata wani tsagi mai sheƙi kamar an goga wuƙa. Ruwa ba ya tsami banza. Roba ba ta yi wa 'yar'uwarta irin wannan yanka.

“Ina na sama?”

“Ba ta yarda kowa ya taɓa shi.”

“Laminu, akwai ƙarhe a bakin tsohuwarka. Mine ne?”

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, “Haƙorinta na Makka ne.”

Ashe fiƙarta ta sama ta dama, wadda aka cire a Agye, ita ce aka yi wa hular zinariya a Makka shekarar da ta sauke farali, kamar yadda alhazanmu ke yi. Da aka cire haƙorin sai ta karɓi abinta, ta ɓalle hular ta ƙulle a bakin zane. Ni ba ta gaya mini ba. Da ta ga sababbin haƙora sun zauna, sai ta kai robar sama wurin wani maƙerin fari, ya buɗa hular ya kifa ta a kan fiƙar roba ya matse. Ban ga laifin maƙerin ba, zobe da 'yan kunne ne aikinsa, kuma daga baya na ga ya yi shi da tsabta. Sai dai ya ƙara wa fiƙar tsawo da kauri kamar na farce, kuma a baki kaurin farce dutse ne. Duk sanda ta karkata dama, ƙarfen ne ke fara dukan fiƙar ƙasa, sauran haƙora su rabu, robar sama ta saki, ta ƙasa ta zame ta yanki dasashi. Sai ta gudu hagu. Gefe ɗaya ya yi ta aikin biyu, da yashin gero da ƙuli-ƙuli, har ya ƙare. Da ya ƙare cizon ya ƙara karkacewa, ƙarfen ya fara duka ko a rufe baki kawai. Dama ba hanya, hagu ba haƙori, sai kunu.

Washegari da hantsi na ɗauki jakata na hau bayan Laminu muka nufi Cadawa. Tun daga zaure na ji ƙamshin suya. Matarsa Hadiza ce a bakin kasko, ita ta karɓi sana'ar tun da Hajiya ta kwanta. Hajiya tana kan tabarma a inuwar ɗaki. Matar da na sani mai jiki ta koma ƙashi da fata, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta dube ni ba.

“Wancan ya hwaɗa maka ke nan.” Laminu take nufi, ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. “To in cire shi ka zo yi, hanyar da ta kawo ka tana nan.”

“Hajiya, bari dai in gani.”

Da ƙyar ta buɗe. Dasashin ƙasa ya yi ja, ga gyambo a gefen dama. Zinariyar kuwa tana nan tana walƙiya a cikin bakin da ba ya cin abinci. Na bayyana mata komai dalla-dalla, har na haɗa robobin biyu a hannuna na nuna mata yadda suke tashi. Ta saurara har na gama.

“Ka gama? To ji tawa. Wanga haƙori, gujiya na yi ta matsa har hannuna ya kanta kahin in je in samo shi. Ba miji ya kai ni ba, ba ɗa ya kai ni ba. Kuma tsohuwa da haƙoran roba, ka san abin da yaran kasuwa ka cewa. Da na maida shi, in na yi dariya Makka mutane ka gani, ba su ganin roba.”

“Hajiya, yunwa za ta kashe ki.”

“To a rufe ni da shi.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. An ɓata mini aiki, an ɓata mini suna, ga shi mai abin ko a jikinta. Saura kaɗan in ce mata ta zaɓa, ko zinariya ko tuwo. Amma na dubi idonta na san wanda za ta zaɓa, kuma ni ba don in yi nasara a gardama na hau kabu-kabu ba. Malam Ɗanjuma yakan ce mu haƙora muke yi, baki na mai shi ne. Na haɗiye fushina na ce, “Ba cire shi zan yi ba. Ɗaki zan gina mashi. Maƙeri a ƙohwa ya aje shi, kowa ya zo wucewa sai ya yi tuntuɓe.”

Sai a lokacin ta dube ni sosai. Na ce abin da ya fi sauƙi shi ne in matso da shi gaba, kan ɗan ƙaramin haƙorin da ke kusa da fiƙar, inda ba ya gamuwa da kowa. Ta girgiza kai. “Inda anka sa shi can, nan za ya zauna.” Na ce to. Na ce kuma sai ta ajiye robobin duka biyu har gyambon ya warke, sannan in yi sabon awo, don na ƙasa sun riga sun mutu. Wannan ta yarda, da sharaɗin ba mai shigowa gaishe ta sai ta ja mayafi. Na ce in tafi da hular Gazawa in yi aiki da ita. Ta ce ko mafarki nake. Na ɓalle mata ita a gabanta, ta karɓa ta ƙulle a bakin zane kamar da.

Saboda haka ranar jera haƙora da kanta ta zo, aka ɗauko ta a motar haya, ta zauna a bencin shagona ta kafa mini ido kamar zan haɗiye abin. Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi ne, da kun ga wannan ranar. Fiƙa ita ce haƙorin da ya fi kowane son tsoma baki in muƙamuƙi ya karkata, ga shi dole in sa mata ƙarfe, kuma kada ta taɓa komai. Na gurje fiƙar roba ta ko'ina da injin gurza, ina gwada hular ina cirewa, har ta shige ta yi daidai da maƙwabtanta ba tudu. Na ɗan rage mata tsawo, na kishingiɗar da ita waje kaɗan, fiƙar ƙasa kuma na gajarta ta yadda za ta wuce ta baya ba su gaisa ba. Nauyin da fiƙar za ta ɗauka na raba wa haƙoran tauna na dama da hagu. Na tura muƙamuƙin ƙarfe dama, na tura hagu, na tura gaba, na narka kaki na sake, na kuma sakewa. Hajiya ta ce, “Yaro, wai gini kake ko rushewa?” Na ce mata duka biyun.

Da aka dafa robar aka goge, ranar sawa, na ɗauko shuɗiyar takardar nan mai barin tabo inda haƙora suka haɗu. Na ce ta ciza, ta niƙa dama, ta niƙa hagu. Na ciro na duba, inda tabon ya yi duhu na gurje kaɗan, muka sake. Haka muka yi ta yi har tabo ya bazu daidai a gefe biyu. Na miƙa mata robar sama na ce, “Dubi, Hajiya. Ko'ina shuɗi, ban da shi.”

Ta juya ta a hannu. “To shi mi za ya riƙa yi?”

“Zama za ya yi, irin na alhazai a bakin kasuwa. Yara na aiki, shi ana gaishe shi.”

Ta ce ba ni da kunya, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Na gargaɗe ta: tuwo mai laushi tukuna, loma ƙanana, a raba ta gefe biyu, kuma kada ta gatsa abu mai tauri da haƙoran gaba, ta karya da hannu ta kai baya. Ta ce ta ji, wai yau jika ke koya wa kaka cin tuwo.

Sabon baki ba ya zama rana ɗaya. Laminu ya kawo ta gyara, ya sake kawo ta, kowane zuwa in tambaye ta ko tana ci, ta ce tana taɓawa. Na lura daman nan har yanzu tsoronta take ji, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. In kuwa ta ci gaba da tauna a hagu kaɗai, ko na daidaita cizon, hagun ce za ta sake ƙarewa mu koma gidan jiya. Wannan ba injin gurza ke gyara shi ba. Ita ce za ta yarda da bakinta.

Ranar wata kasuwar Cadawa na biya gidan in duba ta. Muna zaune a tsakar gida, ni da ita da Laminu, Hadiza ta kwaso ƙuli-ƙuli mai zafi a faranti ta ajiye mini, irin na baƙo. Ban kai hannu ba sai na ga hannun Hajiya ya riga ni. Ta ɗauki guda ta karya, ta riƙe gutsuren tana kallo. Ta kai shi baki, kuma na ga inda ta tura shi da harshe, dama ne. Muka ji ƙarasss. Ta tsaya tana jiran zafin da ta saba. Ta sake taunawa, ta mayar hagu, ta dawo dama, muƙamuƙin yana niƙa yadda na gani a tasha tun ina yaro. Sai ta ɓata fuska.

Laminu ya zabura. “Inna, zahi ne?”

“Zahin mi?” Ta juya wajen Hadiza. “Ke, wanga ƙuli bai soyu ba, cikinshi ɗanye ne, kuma kin cika mashi gishiri. Haka kuke saida ma mutane da sunana tun da na kwanta?”

Hadiza ta rufe baki da gefen mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba. Laminu kuwa ya sunkuyar da kai yana ta faɗin alhamdu lillahi. Hajiya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sai dariya ta ƙwace mata, zinariyar ta haska a inda aka sa ta tun can. Ta ɗebi wasu guda biyu daga farantina, ta dafa kafaɗar ɗanta ta miƙe.

“Ba ni matsamin nan, ki ƙara itace.”

Ta nufi bakin kasko tana tauna.